Waɗanda Ba Su Iso Ƙofar Asibiti Ba: Sharhi Kan Lafiyar Jama'a a Birnin Kudu da Gwaram

A shekarar 2007 wasu likitocin mata suka wallafa binciken da suka yi a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Sun buɗe littattafan ɗakin haihuwa na shekarun da suka gabata, suka ƙirga matan da aka kawo da jijjiga, wato ciwon nan da ke kayar da mai ciki ko mai naƙuda ta riƙa taune harshe saboda hawan jini. Suka tarar kusan ɗaya cikin kowace haihuwa goma a asibitin ta zo da wannan ciwo, kuma shi ne sanadin sama da kashi 40 cikin ɗari na matan da suka rasu wajen haihuwa a can. Akasarinsu cikin fari ne, akasarinsu kuma ba su taɓa zuwa awo ba.

Duk wanda ya san harkar haihuwa ya san jijjiga ba ta kama mace ɗaya cikin goma a ko'ina a duniya. Me ya sa lissafin Birnin Kudu ya yi tsayi haka? Saboda wadda naƙudarta ta zo da sauƙi a Kantoga ko Sundimina ko Fagam a ɗakinta take haihuwa. Sai abu ya gagari gida ake neman mota. Littafin asibiti yana ɗauke da sunayen waɗanda ciwo ya kai maƙura kuma suka samu ikon isowa da ransu. Wadda ta cika a hanya, da wadda aka yi ta yi wa hayaƙi da rubutu har rai ya yi halinsa, babu su a ciki. A nan tambayar take: ta yaya asibiti zai san abin da ke damun jama'ar da aka gina shi dominsu, alhali mafi yawan ciwon da mutuwar a bayan katangarsa suke faruwa?

Ƙananan hukumomin biyu, Birnin Kudu da Gwaram, suna kudancin Jigawa, a masarautar Dutse, sun jingina da jihar Bauchi. A ƙidayar 2006 Birnin Kudu tana da mutane sama da 300,000, Gwaram kuma sama da 270,000, yau kuwa sun ƙaru nesa ba kusa ba. Birnin Kudu ta yi dace: babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa ta, tana da asibitin tarayya, tana da makarantar koyon aikin jinya da ungozoma. Gwaram ƙasa ce mai faɗi, da duwatsu ta wajen Fagam da Farin Dutse, da rafuka da ke cika su tumbatsa da damina. Daga cikinta, har da maƙwabta na ƙasar Bauchi, ake ɗebo marasa lafiya zuwa Birnin Kudu idan ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti. Asibitin tarayyar an tanade shi ne don manyan ayyuka, tiyata da ƙwararrun likitoci da horar da na baya, amma a zahiri har mai zazzaɓin kwana biyu yakan yanki kati a can, don ya fi amincewa zai tarar da likita.

Hanya ta farko da asibiti ke bi ya san buƙatar mutane ita ce takardunsa. Kowane ƙaramin asibiti yana da rajistar masu zuwa, da ta awon ciki, da ta rigakafi, da ta haihuwa. A ƙarshen wata a tattara a cika fom, a kai ƙaramar hukuma, a shigar a kwamfuta cikin tsarin da ake kira DHIS2, daga nan Dutse da Abuja su gani. Akwai kuma jami'in sa ido kan cututtuka a kowace ƙaramar hukuma, wanda ake sanar wa nan take idan an ga alamar sanƙarau, ƙyanda, mashaƙo ko amai da gudawa. Wannan aiki yana da amfani ƙwarai, bai kamata a raina shi ba. Da shi ake gane cewa zazzaɓin cizon sauro yana tashi daga tsakiyar damina ya kai ƙololuwa wajen kaka, sanƙarau yana bin zafin bazara da ƙura, tamowa kuma tana tsananta a watannin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba. Asibitin da ya karanta kalandarsa zai tanadi jini da maganin zazzaɓi kafin Agusta, ba sai gadajen yara sun cika har ana kwantar da biyu a gado ɗaya ba.

Sai dai takarda abin da aka kawo mata take rubutawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018, wanda gida-gida aka bi aka yi shi, ya nuna cewa a Jigawa kimanin haihuwa ɗaya cikin biyar ce ake yi a asibiti, yara kusan biyu cikin uku 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma a cikin yara dubu da aka haifa sama da 200 ba sa kai shekara biyar. Ka ɗauki waɗannan alƙaluma ka ajiye su kusa da rajistar kowane asibiti, za ka ga giɓin. Yaron da ya tsumbure ba a kawo shi don ya tsumbure. Uwarsa tana ganin haka Allah ya yi shi, ƙaramin jiki gare shi kamar 'ya'yan maƙwabta. Dattijo mai hawan jini ba ya jin komai sai ranar da ɓarin jikinsa ya shanye. Yaran da ke wanka a kududdufi suna fitsarin jini, a ce tsargiya ce, kowane namiji yana yi. Waɗannan buƙatu ne na gaske, amma babu mai yankar musu kati.

Wannan darasi ba sabo ba ne a ƙasar Hausa. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya, suka nuna cewa matan da ba su yi awo ba, waɗanda ake kawowa a gigice, su ne ke mutuwa ninkin-ba-ninkin, kuma tushen abin yana komawa ga talauci da rashin karatu da ɗaukar ciki jiki bai gama ƙosawa ba. A Zariyar dai, likitoci sun lura da yawan masu jego da zuciya ke gaza musu, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Ba su fahimci lamarin ba sai da suka duba abin da ake yi a cikin gida: wankan jego da tafasasshen ruwa, kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa mai yawa. A nan Jigawa ma, a ƙasar Garki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shafe shekarun 1969 zuwa 1976 tana bin ƙauyuka tana auna jinin mutane don gane yadda zazzaɓin sauro ke yaɗuwa, kuma har gobe masana na komawa ga abin da aka tattara a wancan aiki. Duk ilimin da ya yi amfani, sai da aka haɗa abin da aka gani a gadon asibiti da abin da aka je aka gani a tsakar gida.

A wajen Najeriya, waɗanda aka fi ambata a wannan fanni su ne Sidney Kark da matarsa Emily, likitoci biyu da suka buɗe cibiyar lafiya a Pholela ta Afirka ta Kudu a 1940. Sun horar da 'yan garin, suka ƙirga gidaje, suka rubuta haihuwa da mutuwa da abin da ake ci, sannan suka tsara aikin cibiyar bisa abin da suka gano. Taron Alma-Ata na 1978 ya ɗaga wannan tunani ya zama manufar duniya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti kuma ya dasa shi a Najeriya lokacin da yake ministan lafiya daga 1985. A Amurka har doka aka yi a 2010: duk asibitin da aka yafe wa haraji dole ne bayan kowace shekara uku ya binciki buƙatun lafiyar yankinsa, ya ji ta bakin jama'a, ya wallafa sakamakon tare da abin da zai yi a kai.

To, a Birnin Kudu da Gwaram su wa ke da labarin da babu a rajista? Mai unguwa ya san gidan da aka yi rasuwa da gidan da aka yi suna. Liman ya san yawan jana'izar yara da ya sallata a watan Satumba. Ungozomar gargajiya ta san wadda ta kwana biyu tana naƙuda, da wadda mabiyiya ta ƙi faɗowa. Wanzami ya san jariran da aka cire wa beli. Mai kemis a kasuwar Sara ko Babaldu ya san maganin da ya fi fita a wannan mako, kuma sau da yawa shi ne na farko da zai ga gudawa ta fara yawa. Direban tasha ya san ƙauyen da ake kiransa da tsakar dare, da kuɗin da ake caji, da inda mota ke maƙalewa. Mai ɗaki, in ji Hausawa, shi ya san inda yake masa yoyo. An kafa kwamitocin raya mazaɓa domin su zama bakin waɗannan mutane a gaban malaman asibiti, kuma inda kwamitin yake da rai ana ganin bambanci: a gyara rijiyar asibiti, a sa ido kan ma'aikacin da ba ya zuwa, a tara gudummawar kai mai naƙuda. Inda ya zama jerin sunayen 'yan siyasar mazaɓa, ba ya jin komai, ba ya faɗin komai. Ina kuma ganin babban rauninsa shi ne ƙarancin mata a ciki, alhali mata da ƙananan yara su ne mafi yawan masu cika asibitin. Matar da kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa mijinta tana ganin jini ba, ba za ta tashi a gaban dagaci ta yi bayani ba. Sai an je inda take, mace ta zauna da ita.

Akwai wani abu da rigakafin shan-inna ya koya mana wanda bai kamata a manta ba. Shekara da shekaru ana bin gidaje da ɗigon baki, mutane suna tambaya: me ya sa wannan kaɗai kuke kawo mana kyauta har ƙofar gida, amma idan zazzaɓi ya kama yaro muka je asibiti sai a rubuta mana takarda a ce mu je kemis? Tambaya ce mai ma'ana. Hukuma tana da abin da ta ɗauka da muhimmanci, jama'a suna da abin da ke kashe musu 'ya'ya a gaban idonsu, kuma rashin haɗa biyun ya taimaka wajen turjiyar da ta kai ga dakatar da rigakafin a Kano a 2003. Ba a shawo kan lamarin ba sai da aka jawo sarakuna da malamai, aka kuma fara haɗa ɗigon da duba marasa lafiya da ba da magungunan yau da kullum. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Aikin ya bar gado mai daraja: taswirar kowace unguwa da kowace ruga, da jerin gidaje, da mata 'yan sa-kai da aka sani aka yarda da su.

A kan wannan gado aka ɗora maganin rigakafin zazzaɓin damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012 don ƙasashen Sahel, inda zazzaɓin yake da lokaci sananne. Ana bin gida-gida sau ɗaya a wata, wata huɗu na damina, ana bai wa yara daga wata 3 zuwa wata 59, Jigawa kuma tana cikin jihohin da suka daɗe suna yi. Haka ma awon damtse: ɗan tsiri mai launi uku da ake naɗa wa yaro a hannu, idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, an san tamowa ta yi tsanani, a tura shi karɓar abincin nan na leda mai gyaɗa da madara. Uwa ma tana iya koyon awon. Shirin Masaki na jihar ya ɗauki hanyar koya wa mata haɗa abincin yara da abin da ake nomawa a gida, gero da waken suya da gyaɗa da zogale. A ganina waɗannan su ne misalan da suka fi nuna yadda ake amsa buƙata: an gano lokacinta, an gano wanda take kamawa, an kai maganin kafin ciwo ya kawo shi asibiti.

Batun haihuwa ya fi wuya, domin ba ya jiran kalanda. Masana sun daɗe da kasa jinkirin da ke kashe mai naƙuda gida uku: jinkirin yanke shawarar fita, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an iso. Na farko yana cikin gida. Maigida ya tafi cirani Legas ko Fatakwal, ba wanda zai ba da izini. Uwar miji tana cewa ita goma ta haifa a ɗaki. Yarinyar da ta je goyon ciki gidansu tana ɓoye ciwo don kada a ce ba ta da dauriya. Na biyu yana kan titi. Shirin Haihuwa Lafiya na Jigawa ya nemi maganinsa ta hanyar haɗa kai da direbobin ƙungiyar NURTW da kafa asusun gaggawa a ƙauyuka, da koya wa maza da mata alamomin haɗari. Amma direba ba ya tsallake rafi. A watan Agustan 2021 gada ta karye a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka bayan ruwa mai ƙarfi, mota ta afka, mutum 21 suka rasu. Duk ranar da irin wannan hanya ta yanke, mazaɓu sukutum sun rabu da ɗakin tiyata. Shi ya sa nake cewa shugaban asibitin da ya san aikinsa yana da magana a kan gada da kwalbati, ko da ba shi zai gina ba. Shi ne ke da shaidar rayukan da suke ci.

Jinkiri na uku kuwa laifin tsarin lafiyar ne kansa. An iso, babu ungozoma da dare. Akwai ungozoma, babu jini. Akwai jini, babu wutar da za a yi tiyata. A nan ma an ga abin da gyara ke iya yi. A 2008 jihar Kano ta shigar da allurar magnesium sulphate a asibitocinta goma, ta horar da ma'aikata, yawan mace-macen masu jijjiga ya faɗo daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 3. Magani ne mai araha. Abin da ake buƙata shi ne a same shi a asibitin mazaɓa, ma'aikaciyar da ke wurin ta iya yin allurar farko kafin a ɗora mace a mota zuwa Birnin Kudu. Haka nan duba mutuwar kowace mai haihuwa, a zauna a bi sawun abin da ya faru tun daga gida ba tare da neman wanda za a ɗora wa laifi ba. Ana yin wannan zama a manyan asibitoci. Inda ya fi ƙaranci shi ne ga wadda ta rasu a ƙauye, wadda ba wanda ya rubuta sunanta. A Jahun, ƙungiyar likitocin MSF tana gyaran yoyon fitsari tun 2008, kuma kowace mace da ke kwance a can shaida ce ta doguwar naƙudar da ba a kai wa ɗauki ba.

Wani cikas da ba a cika faɗa ba shi ne rabuwar iko. Asibitin tarayya Abuja yake kai rahoto, a can ake naɗa shugabansa, daga can kuɗinsa ke zuwa. Manyan asibitocin jiha suna ƙarƙashin ma'aikatar lafiya a Dutse. Ƙananan asibitoci suna ƙarƙashin hukumar lafiya a matakin farko. Mara lafiya ɗaya ne yake ratsa ukun, amma labarinsa ba ya bin sa. A turo mace daga Kila ko Dingaya da 'yar takarda ko ma babu, a yi mata aiki a sallame ta, wanda ya turo ta ba zai taɓa jin abin da aka gano ba, balle ya gyara gobe. Jigawa ta taɓa gwada ɗinke wannan ɓaraka. A 2007, zamanin Sule Lamido, wanda shi kansa ɗan ƙasar Birnin Kudu ne daga Bamaina, aka kafa tsarin Gunduma: aka kasa jihar gida tara, Birnin Kudu tana ɗaya daga ciki, aka haɗa ƙananan asibitoci da manyan asibitocin jiha ƙarƙashin shugabanci ɗaya, kasafi ɗaya, ma'aikata ɗaya. Tsarin ya ja hankalin masana a ciki da wajen ƙasar. Bayan sauyin gwamnati na 2015 aka rushe shi aka koma tsarin hukumar matakin farko irin na sauran jihohi. Kowane tsari yana da masu kare shi, amma tambayar da Gunduma ta so amsawa tana nan: wane ne mutum ɗaya da za a tambaya game da lafiyar dukan mutanen wannan yanki, har da waɗanda ba su zo ba?

Kuɗi ma sun fara samun hanya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko, wani kaso yana shiga kai tsaye asusun asibitin mazaɓa, wani yana biya wa marasa galihu inshora ta hukumar JICHMA ta jihar Jigawa. Jigawa tana da mazaɓu 287, manufar kuma ita ce kowacce ta samu asibiti ɗaya mai aiki dare da rana. Gini shi ne mai sauƙi. Mai wuya shi ne ungozomar da za ta yarda ta kwana a can. Dabarar da na fi gamsuwa da ita ita ce wadda shirin Women for Health ya bi daga 2012: a ɗauko 'yan matan karkara da suka gama sakandare, a ƙarfafa musu karatun kimiyya na shekara guda, su shiga makarantar ungozoma, su koma garuruwansu. 'Yar gari ba ta neman canjin wurin aiki bayan wata uku, kuma mata suna sakin jiki da ita.

Annobar kwalara ta 2021, wadda ta kama mutane sama da 100,000 a ƙasar nan, Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, ta nuna iyakar abin da gadon asibiti zai iya: ana ƙarin ruwa, ana sallama, ana komawa shan rijiyar da ta kawo ciwon. Sanƙarau kuma da ya addabi Jigawa da Bauchi da Yobe shi ya sa a Maris 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allurar Men5CV, mai kare nau'i biyar na ƙwayar cutar. An iya zaɓen allurar da ta dace ne saboda wasu ma'aikata sun ɗebi ruwan ƙashin bayan marasa lafiya sun aika ɗakin gwaji, aka gane nau'in da ke yawo.

Abin da nake ganin ya dace da Birnin Kudu da Gwaram ba ya buƙatar sabuwar doka daga Abuja. Asibitin tarayya yana da likitocin lafiyar al'umma, makarantar jinya tana da ɗalibai da ake turawa karkara, ƙananan hukumomi suna da taswirar gidaje tun zamanin shan-inna, hakimai suna da masu unguwanni. A haɗa su, bayan kowace shekara biyu ko uku a fita a ƙirga haihuwa da mutuwa mazaɓa-mazaɓa, a tambayi iyalan mamata yadda abin ya faru, a auna hawan jinin manya a ranar kasuwa, a zauna da mata su kaɗai. Sannan a rubuta sakamakon da Hausa, a karanta shi a fadar hakimi da gidan rediyo, a fitar da abu uku ko huɗu da za a yi, a faɗi wanda zai yi kowanne da ranar da za a dawo a duba. Idan lissafin ya nuna mata sun fi mutuwa a mazaɓun da ke bayan rafi, a nan za a fara ajiye ungozoma da allurar jijjiga da lambar direba kafin ruwan Yuli ya sauka.